Ude, Hannun Daman Baba

Ba da son raina na shiga aikin kula da tsofaffi ba. Tasi nake tuƙawa a da, sai idona ya fara gajiya da hanya, na ga idan na ci gaba wata rana zan kwashi wani. Wani abokina ɗan Zangon Kumasi da muke sallah tare a unguwar Tremont ta Bronx shi ya ja ni, ya ce aikin ba wuya, wanka ne da abinci da magani. Na yi ɗan kwas ɗin da ake yi, aka fara tura ni gidaje. Na faɗi wannan ne don a san irin zuciyar da na shiga gidan Baba da ita. Ban je don tausayi ba. Na je ne in cika awoyina in kama hanyar gida.

Baba mutumin Japan ne, ya haura tamanin, yana zaune shi kaɗai a wani ƙaramin gida mai bene a kan tudun St. George. Kullum sai na shiga jirgin ƙasa daga Bronx har ƙarshen Manhattan, in hau feri in tsallaka ruwa, sannan in hau tudun da ƙafa ina haki. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi a gefen dama. Ƙafar ta dawo kaɗan, yana takawa da sanda. Hannun ne ya ƙi. Yana rataye a gefensa, yatsu a dunƙule, kamar aro aka ba shi. Ciwon ya kuma kwashe masa Turancin da ya yi shekaru yana yi, ya bar masa harshen garinsu da 'yan kalmomi ƙalilan. Yana jin abin da ake faɗa, mayarwar ce ba ya iyawa.

'Yarsa ɗaya ce, tana aure a wata jiha mai nisa. Ranar da na fara aiki ta tsayar da ni a gindin matakala, ta yi mini magana ba kwana-kwana. Ta ce mai gashin ƙashin da ke zuwa gidan ta tabbatar mata hannun bai mutu ba, zai iya dawowa idan ana aiki da shi, amma mahaifinta ya ƙi. Ta ɗora hannu a kan ƙarfen matakalar ta ce, "Ka ga wannan? Da dama ake riƙe shi idan za a sauko. Idan sanyi ya shigo hannun nan bai motsa ba, ba zan bar shi a gidan nan ba. Na riga na duba gidan tsofaffi kusa da ni."

Baba yana zaune a falo, ƙofa a buɗe. Bai juyo ba, amma na ga kunnensa ya yi ja.

Mai gashin ƙashin mace ce mai fara'a, tana zuwa da ƙwallon roba da tawul da wata igiya da ake ratayawa a ƙofa. Mutuniyar kirki ce, sai dai tana yi wa Baba magana kamar yaron goye. Ta ce matsa, ta ce yauwa, ta tafa masa. Shi kuwa da ta fito da ƙwallon sai ya juya fuska wajen taga yana kallon feri, ko ya rufe ido kawai. Idan za ta tafi sai ta bar mini aikin, in riƙa sa shi yana yi kullum.

Ga abin da nake yi, Allah Ya yafe mini. Sai in kama wuyan hannunsa in ɗaga in sauke, in ɗaga in sauke, kamar mai buga famfon burtsatse, ɗaya hannuna riƙe da waya ina sauraron labaran gida. Idan matar ta dawo ta tambaya, in ce, "Yana yi, yana ƙoƙari." Ƙarya ce. Ni nake yi, shi ba ya komai. Lokacin cin abinci kuma sai in cusa masa cokali a hannun dama, cokalin ya faɗi, in sake cusawa. 'Yarsa ta taɓa gani ta yaba mini, wai ina ƙarfafa masa gwiwa. Ban gaya mata gaskiya ba: ni dai ba na iya kallon mutum yana ci da hagu ne, haka aka raine ni. Ba lafiyarsa ce a raina ba.

Wata safiya ina sauya masa riga ina sauri, hannun ya maƙale a cikin hannun rigar, na fizgo shi. Baba ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya kai mini duka da hagu a bayan hannu, sannan ya rungume damtsensa ya dube ni ido cikin ido.

"Ude!" ya ce. Ya sake shafa shi daga kafaɗa har wuyan hannu. "Ude!"

Na ɗauka zagi ne. Da yamma a kan feri na kira 'yarsa, a zuwan ina ba ta rahoto, na tambaye ta ma'anar kalmar. Ta ce hannu ke nan, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Ta tambaye ni ko wani abu ya faru, na ce a'a. Na kashe waya na tsaya ina kallon ruwa. Mutum ya rasa duk kalmomin da zai kare kansa da su, abin da ya samu ya gaya mini shi ne sunan abin da nake fizga. Kunya ta kama ni har na kasa zama.

Washegari da na ɗauko riga, ban taɓa shi ba. Na tsaya a gabansa na ce, "Baba, ude." Na jira. Ya dube ni ya daɗe, ya gyara mini yadda ake faɗa, gajere, ba a ja. Na maimaita. Sannan ya karkato kafaɗarsa wajena da kansa.

Da a nan na tsaya, da labarin ya ƙare. Amma ina da wani halin kuma, son a yaba mini. A ɗakin baya na gidan akwai kabad cike da buroshi manya da ƙanana a rataye, da takardu a naɗe. 'Yarsa ta taɓa gaya mini sana'arsa ke nan, shi yake rubuta wa gidajen abincin mutanensu allunan ƙofa da sunayen abinci da hannu, kafin injin ya karɓe aikin. Ni kuwa boko a firamare na tsaya, amma a makarantar allon unguwarmu rubutuna malam yake ɗagawa ya nuna wa sauran yara. Har yau idan na tuna sai kaina ya ɗan kumbura. Sai na ce a raina, wanda ya iya jan alƙalamin gamba a kan allo, wane rubutu ne zai gagare shi?

Na nemo harafin a waya. Ga shi: 腕. Kalma guda ce cikin zane guda. A hagu akwai wani abu kamar tsani mai matakai biyu. A dama akwai rufi da ɗigo a samansa, a ƙarƙashin rufin kuma wasu abubuwa biyu a lanƙwashe kamar mutum biyu sun fake wa ruwan sama, na ƙarshen yana da wutsiya da ta tanƙwaro sama kamar ƙugiya. Na kwafe shi da biro a gefen jarida, ya yi kama sosai, na kai wa Baba ina murmushi.

Ya duba. Ya yamutsa fuska kamar wanda ya tauna tsamiya.

"Cigau," ya ce. Wannan ban buƙaci fassara ba, "ba haka ba ne" yake nufi.

Ya nuna mini ɗakin baya da haɓa. Na ɗauko buroshi, ya girgiza kai, na ɗauko wani, ya girgiza, sai a na gaba ya yarda. Ya sa na ɗauko wani baƙin dutse mai ɗan rami da wani baƙin abu kamar guntun sabulu. Aka ɗiga ruwa a dutsen, ya nuna mini in riƙa gogawa. Ina gogawa ruwan yana baƙi yana kauri, sai wani ƙamshi ya taso, ƙamshin hayaƙi da danƙo. Na tsaya. Ƙamshin tawadar zuge da ƙaro ne da muke dafawa muna yara, ko ɗan'uwansa. Ban taɓa tsammanin zan shaƙe shi a wannan gari ba.

Na shimfiɗa jarida, na tsoma buroshi, na riƙe shi yadda ake riƙe alƙalami, a karkace, wuyan hannuna kwance a tebur. Na fara daga dama, da rufin nan, na ja layinsa daga dama zuwa hagu. Ban yi tunani ba. Hannun da ya koyi rubutu a kan allo daga dama yake tashi, ko da barci aka tashe shi.

"Cigau! Cigau!"

Ashe su daga hagu suke fara harafin, tsanin nan shi ne farko, kuma duk layin da yake kwance daga hagu ake jan shi zuwa dama. Da biro ba a ganewa. Da buroshi kuwa ba ka ɓoyewa, domin inda ka fara dannawa yana fitowa da kauri, inda ka ɗaga yana sirancewa. Duk layukana kansu yana inda ya kamata wutsiya ta kasance. Baba ya karɓi buroshin da hagu don ya nuna mini. Layin ya fito a karkace yana rawa. Ya dube shi, ya jefar da buroshin a kan jaridar, tawada ta fantsama mana duka. Ranar bai ci abincin rana ba.

Na ɗauka shi ke nan. Amma da safe ina shigowa na tarar yana zaune a bakin tebur, ba a bakin taga ba. Ya nuna dutsen.

Haka muka shiga. Bayan wanka da karin kumallo, sai goga tawada. Buroshi a tsaye cak, gwiwar hannu a sama, ba a kwantar da komai a tebur. Kafaɗata ta riƙa ciwo kamar na yi dako. In na kula sai in ja daidai, in hankalina ya ɗan tafi sai hannu ya koma gidansu, ya tashi daga dama. Baba yana zaune a haguna, hannunsa na dama na ɗora masa shi a kan tebur kamar yadda aka ce in riƙa yi.

Ranar da abin ya faru, na zo kan rufin ne, na sake jawo shi daga dama. Sai na ji abu ya bugi wuyan hannuna. Ba da ƙarfi ba, kamar kyanwa ta taɓa ka. Na duba. Hannun daman Baba ne. Ya jawo shi a kan jaridar, tazarar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, ya bar sawu a tawadar da ba ta bushe ba. Na dube shi, shi ma yana kallon hannun. Sai ya ɗaga kai ya harare ni ya ce, "Cigau," kamar babu abin da ya faru. Ni ma na yi kamar ban gani ba, na sake tsoma buroshi.

Da na koma gida matata ta ɗaga rigata da yatsa biyu.

"Malam, wai aikin jinya kake zuwa ko gidan rini?"

Na ba ta labari. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Turancin ma bai gama zama a bakinka ba, an tsallaka Japan. To, Allah Ya ba da sa'a. Sai ka koyo mana yadda ake cewa a kawo cefane."

"Ke ba ki gane ba," na ce. "Kuskurena ne yake motsa masa hannu. In ya ga na ɓata, ba ya iya haƙura. To daga gobe da gangan zan riƙa ɓatawa, ina matsar da takardar nesa da shi kaɗan-kaɗan."

Ta daina dariya. "Dattijo ne fa, ba yaro ba. Zai gane."

"Ba zai gane ba."

"To. Ni dai na faɗa."

Dabarar ta yi aiki, wannan shi ne abin da ya ruɗe ni. Ina ɓatawa, hannun yana zuwa. Na matsar da jaridar, ya miƙo. Na ƙara matsarwa, har gwiwar hannunsa ta fara barin tebur. A lokacin hannuna ya riga ya saba, ina iya fara tsanin daga hagu ba tare da tunani ba, amma sai in yi fuskar wawa in ja daga dama. Ina jin kaina likita. A masallaci har na ba abokina ɗan Kumasi labari, na ƙara gishiri.

Wata rana bayan azahar Baba ya yi gyangyaɗi a kujera. Na idar da sallah a lungun da nake yi, na zo na zauna, tawada ta rage a dutse, na ce kada ta lalace. Na ja harafin da sauri, tiryan-tiryan, daga hagu, layi bayan layi yadda ya koya mini. Na sake wani. Na sake wani. Da na ɗago, idonsa biyu. Ban san tun yaushe yake kallona ba.

Bai ce cigau ba. Ya dubi jaridar, ya dubi ta safe da ke gefe cike da kurakuran ƙarya, ya dube ni. Sai ya lalubo kalma ɗaya daga cikin Turancin da ya rage masa, ya faɗe ta a hankali don kada in kuskure ji: maƙaryaci. Ya sa hagu ya ɗauke hannun damansa daga tebur ya ajiye a cinya.

Na yi masa abin da mai ƙwallon roba take yi masa, sai dai nawa ya fi muni, domin ita a fili take yi. Shi ya ɗauka ya samu ɗalibi, ashe mai lallashi ya samu.

Kwanaki suka yi ta wucewa bai koma teburin ba. Ya koma bakin taga. In na ce, "Baba, ude," sai ya ba ni kafaɗar ba tare da ya dube ni ba. Ganyen itatuwan kan tudu ya fara ja yana zuba, iskar feri ta fara shiga riga. 'Yarsa ta kira ta ce ta sa ranar da za ta zo, za su haɗu da mai gashin ƙashi a yanke shawara. Matata ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ban san yadda suke ba da haƙuri a garinsu ba, sai na yi irin namu. Na cire hula, na durƙusa a gabansa har gwiwata ta taɓa ƙasa, na yi masa magana da Hausa, tunda Turancin ba zai ɗauki abin da ke raina ba. Na ce, "Baba, na yi maka wayo. Na raina maka hankali a cikin gidanka. Ka yafe mini don Allah." Ya dube ni daga sama, ya mayar da fuskarsa wajen taga. Na gaji da durƙuso na tashi.

Daga ranar na riƙa zama a teburin ni kaɗai idan na gama aikina. In goga tawada, in rubuta iyakar iyawata, ban juya in ga ko yana kallo ba. A nan na gane ban iya ba. Na san inda ake farawa, shi ke nan abin da na sani. Tsanina yana fitowa da ƙiba, rufin yana danne na ƙasa, ƙugiyar ƙarshe kuwa ko ta fito kamar wutsiyar ɓera ko ta dunƙule. Kurakuran gaske sun fi na ƙarya yawa, sun kuma fi su muni.

Wata safiya na ji ƙarar sanda a bayana. Baba ya zo ya tsaya yana kallon abin da nake yi. Ya nuna jarida, ya nuna bango. Ban gane ba, ya sake nunawa da fushi. Na samo salatif na manna jaridar a bangon falo daidai ƙirjina. Ya ce a'a, sama. Na ɗaga ta daidai fuskata.

Rubutu a tsaye a jikin bango azaba ce. Tawada tana gangarowa, babu inda za ka jingina, duk hannun ne yake aiki tun daga kafaɗa. Na tabbata horo ne yake yi mini, na kuma san na cancanta. Ya sa na jawo masa kujera kusa. Ina cikin ja gwiwar hannuna ta sauko don gajiya, sai na ji an tura ta sama. Da dama ya tura. Wannan karon bai yi kamar bai sani ba. Ya dube ni, ya dubi hannun, ya ɗaga gira, kamar yana cewa, na yi ne don na ga dama.

Bayan haka na fara lura da wani abu. In na zo da safe sai in tarar buroshin da na wanke na shanya jiya yana da danshi, kwandon shara kuma da jarida a cukuikuye. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na sha kai hannu in janye. Wannan kaɗai ne wurin da zan ce na yi abin kirki a duk labarin nan.

Ranar shawara ta zo da sanyi. 'Yarsa ta iso da wasu takardu a jaka, ta sumbaci goshinsa, ta zauna a bakin kujera ba ta cire kwat ba. Mai gashin ƙashi ta fito da ƙwallonta. Ta ce, "Baba, matsa mana mu gani." Ya juya wajen taga. Ta ce ya ɗaga hannu. Ko motsi. Ta juyo wajena.

"Yana yin atisayen da na bari kuwa?"

Kalmar da na saba faɗa tana kan harshena.

"Ba ya yi," na ce. "Bai taɓa yi ba. Da nake ce miki yana yi, ƙarya nake. Ni nake ɗaga masa."

'Yar ta rufe ido, ta buɗe, ta kai hannu ga jakarta. Na buɗe baki zan ce amma akwai wani abu, sai na rasa ta inda zan fara. In ce yana dukana da hannun? Wa zai yarda da wanda yanzun nan ya ce shi maƙaryaci ne?

Sai Baba ya yi magana. Da harshensu ya yi, doguwa, murya a shaƙe amma ba ta rawa. 'Yar ta dube shi da mamaki, ta dube ni.

"Wai ɗalibinsa zai yi rubutu. Wane ɗalibi?"

"Ni ne, Madam."

"Kai?"

Baba ya nuna ɗakin baya, ya ƙara wata magana. Ta ce, "Ya ce ba jarida ba. Ka ɗauko farar takarda daga cikin naɗin sama."

Bai taɓa bari na taɓa waɗannan takardun ba. Na ɗauko ɗaya, laushinta kamar ƙyalle, na manna ta a bango. Na goga tawada, matan biyu suna kallona, ƙarar dutsen kaɗai ake ji. Na yi bismillah a zuci. Na ɗaga gwiwar hannu. Tsani daga hagu, ƙafarsa ta farko ta ɗan baje waje. Matakai biyu. Ɗigo. Rufi, daga hagu zuwa dama, a danna a ƙarshe a karyo ƙasa. Mutum na farko a ƙarƙashin rufi. Na biyu. Da na zo kan ƙugiyar na riƙe numfashi, na sauko, na kwanto dama, na danna, na ɗaga. Ta tsaya da kaifinta tana kallon sama. Ban taɓa yin irinta ba.

Na ja baya. Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce wa 'yarsa wani abu gajere. Ta yi turus, sannan ta tashi ta shiga ɗakin baya da kanta, ta dawo da wata ƙaramar kwalba da buroshi sabo. Ta zuba abin da ke ciki a faranti. Jar tawada ce, ja mai ruwan lemo.

Baba ya dafa sanda ya miƙe. Na matsa zan taimaka, ya harare ni na tsaya. Ya tako har gaban bangon. Ya sa hagu ya buɗe yatsun damansa ɗaya bayan ɗaya, ya saka buroshin a tsakaninsu, ya saki. Buroshin bai faɗi ba. Ya tsoma shi a farantin da 'yarsa take riƙe da shi.

Sai hannun ya fara tashi. Yana rawa, kafaɗar tana bin sa, jijiyar wuyan Baba ta fito raɗa-raɗa. Ya wuce ƙugu. Ya wuce ƙirji. A daidai kafaɗa ya tsaya, na ce a raina shi ke nan, iyakarsa ke nan. Baba ya ja numfashi ta hanci, hannun ya ƙara hawa, bakin buroshin ya taɓa takardar a saman harafina. Ya jawo shi ƙasa, ya zagayo, ya hau ta ɗaya gefen, ya rufe. Da'ira ja, katuwa, ba ta da santsi, amma ta zagaye harafin gaba ɗaya.

Mai gashin ƙashi ta saki ƙwallon ya gangara ƙarƙashin tebur. 'Yar tana kuka.

Ni kuwa sai na tuna wani abu. A firamarenmu idan malam ya zana maka da'ira da jan biro, ƙwai ke nan, ba ka ci komai ba. Na yi farin ciki da hannun, wallahi na yi, amma wani gefen zuciyata yana cewa, a gaban mutane, Baba? Duk wahalar nan? Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

"Madam, sifili ya ba ni?"

Ta dube ni da hawaye a fuska, sai dariya ta ƙwace mata. Ta fassara wa mahaifinta. Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro, kafaɗunsa suna girgiza. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

"A wurinmu da'ira ita ce ka ci," ta ce tana share ido da hannun kwat. "Malami ba ya zana ta sai aiki ya yi. Na yi shekaru ina rubutu a gabansa ina yarinya, ban san ko na samu irin wannan babbar ba."

Mai gashin ƙashi ta matso tana tambaya, tun yaushe, ta yaya, me muke yi. Na gaya mata duka, har da wayon da na yi da yadda aka kama ni. Ba ta yi mini faɗa kan ƙaryar ba a lokacin, sai daga baya a bakin ƙofa, kuma ta yi mini sosai, na tsaya na saurara. Amma ta ce za ta rubuta cewa hannun yana dawowa, za ta ci gaba da zuwa, ta kuma tambayi Baba, ta bakin 'yarsa, ko zai yarda ta riƙa zama tana kallon darasi maimakon ƙwallo. Ya yi tunani, ya ce idan za ta yi shiru.

'Yar ta fita baranda da waya. Ta cikin gilashi na ji tana gaya wa wani cewa ba za su zo ganin ɗakin ba, a ba wani. Da ta dawo ta cire kwat ɗinta ta rataye, ta shiga kicin tana tambayata inda nake ajiye shinkafa.

Baba ya koma kujerarsa ya zauna da ƙyar, gumi a goshinsa duk da sanyin. Buroshin yana hannunsa har lokacin, yatsun sun ƙi sakin sa, jar tawada tana ɗiga a kan wandonsa. Na kawo tsumma na tsuguna zan goge. Ya girgiza kai. Ya nuna mini agogon bango da bakin buroshin, sannan ya nuna cikinsa. Lokacin abincin rana ya wuce, kuma ni ne ban ɗora ba.

A gidansa ya yi sanyin wannan shekarar, yana saukowa daga bene da safe, hannunsa na dama a kan ƙarfen matakala.